Kurame da Bebaye Cikin 'Yan Gudun Hijira: Aikin da Ke Gaban Ƙungiyoyinmu

'Yan'uwa manoma, a wannan fitowa ba za mu yi zancen iri ko takin zamani ba. Za mu yi zancen waɗansu mutane da ke zaune tare da mu a ƙasar Talata Mafara da Bakura da Maradun, suna taya mu yankan shinkafa da shiƙa, amma da wuya mu san abin da ke damunsu. Su ne mata da 'yan mata 'yan gudun hijira waɗanda ba sa ji, ko kuwa ba sa iya magana sosai.

Bari mu fara da abin da ya same mu, gama kuskurenmu ne ya koya mana wannan darasi.

A wata kaka, ƙungiyar gama kai ta wani ƙauye a gefen gonakin ruwa na Bakolori ta tara hatsi domin baƙin da 'yan bindiga suka koro. Mu muka riƙe littafin rabo. Muka rubuta gida-gida, kowane gida da sunan maigidansa. Cikin baƙin nan akwai wata mace kurma, ba ta kai shekara talatin ba, tare da 'yarta ƙarama. An kashe mijinta, uwarta kuma ta bi wata hanya dabam a daren gudu. Wani mutum da suka fito gari ɗaya ya ce shi ne mai jin hannunta, shi zai riƙa karɓa mata. Muka yi murna, domin ya rage mana wahala. Wata uku muna auna masa hatsi da sunanta. Duk ranar rabo takan zo ta tsaya nesa, ta nuna shi da yatsa, ta buga ƙirjinta, ta girgiza kai. Muka tambaye shi me take cewa. Ya ce godiya take yi.

Wata tsohuwa cikin zumuntar mata, wadda ta taso tare da ƙanwa kurma, ba ta gamsu ba. Ta ja matar bayan rumbu, suka zauna kusan sa'a biyu. Ashe mutumin nan ba ya ba ta hatsin sai ta je ɗakinsa da dare. Kafin mu sani ta riga ta ɗauki ciki. Ranar nan muka gane mu da kanmu muka damƙa masa wuƙa da nama. Wata uku tana kai ƙara a gabanmu, muna kallo, ba mu ji ba.

SU WA MUKE NUFI?

Muna nufin duk wanda ke da wahalar ji ko wahalar faɗin abin da ke ransa. Akwai wadda aka haifa kurma. Akwai wadda ciwo ya ɗauke wa ji tana ƙarama, sai magana ma ta tsaya. A ƙasarmu sanƙarau ne babban mai yin wannan ɓarna. Annobar 1996 ta kama mutum sama da 100,000 a arewacin Nijeriya, a 2017 kuma ya sake ɓarkewa, Zamfara ce ta fi kowace jiha shan wahala. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin mutum biyar da suka tashi daga sanƙarau mai tsanani, ɗaya yakan rage da lahani na dindindin, kurumta kuwa tana cikin waɗanda aka fi gani. Ƙyanda da ciwon kunne mai ruwa da ba a yi wa magani ba su ma suna kurumtarwa.

Ban da kurame, akwai masu i'ina mai tsanani, da waɗanda shanyewar ɓarin jiki ta karya wa harshe, da masu jinkirin fahimta. Ku tuna da gubar dalma da ta kashe yara wajen 400 a yankunan Anka da Bukkuyum a 2010. Waɗansu yaran da suka rayu gubar ta taɓa musu ƙwaƙwalwa, yanzu kuwa sun zama samari da 'yan mata. Akwai kuma wadda take magana lafiya lau, amma firgitar abin da ta gani a daji ta sa ta yi shiru.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da mutum 5 cikin kowane 100 a duniya suna da raunin ji mai hana su harka. Da yawa cikinsu tsofaffi ne. Duk da haka, in baƙi ɗari biyu suka sauka a ƙauyenku, kuka duba littafinku ba ku ga kurma ko ɗaya ba, to, ku sake ƙirgawa.

ABIN DA GUDU YA ƘWACE MUSU

Tashi ba sabon abu ba ne a ƙasar nan. Sa'ad da aka gama madatsar ruwa ta Bakolori a 1978, ruwa ya ci gidaje da gonakin mutum kimanin 13,000, aka mai da su sababbin matsugunai. An sha wuya ƙwarai, har aka zubar da jinin manoma a watan Afrilu 1980 a kan rikicin gonaki da diyya. Amma tsofaffi suna gaya mana cewa a wancan tashi galibi maƙwabci ya bi maƙwabcinsa. Kurmar unguwa ta tashi tare da uwarta da ƙawayenta da ungozomar da ta san ta tun tana jaririya.

Gudun yanzu dabam yake. Tun wajen 2011 ɓarayin daji suke kai hari a Zamfara, abin kuma ya yi ta ƙaruwa. Sukan faɗo da dare ko da asuba, kowa ya yi ta kansa. Wani ya faɗa Talata Mafara, wani Gusau, wani Sakkwato. Tun daga 2019 dubun dubatar mutane daga jihohin Sakkwato da Zamfara da Katsina suka ƙetare iyaka zuwa yankin Maraɗi a Jamhuriyar Nijar, inda Hukumar Kula da 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, watau UNHCR, ta tsugunar da waɗansu a Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori, nesa da iyaka. Waɗanda suka tsaya a nan wajenmu galibi ba su da sansani. Suna kwana a azuzuwan makaranta, da kangaye, da zaurukan 'yan'uwa.

To, ga abin lura. Yawancin kuramen ƙauye ba su shiga makaranta ba. Maganarsu alamu ne da suka ƙirƙira tare da mutanen gidansu, mutum huɗu ko biyar ne kaɗai suke jinsu sosai. In gudu ya warwatsa mutanen nan, ba gona da rumbu kaɗai ta rasa ba. Ta rasa duk wanda za ta iya gaya wa cewa wani ya taɓa ta. Mai ji da magana, ko a baƙon gari, za ta iya yin kururuwa a kawo mata gudunmawa, ta tambayi hanyar asibiti. Ita kuwa sai ta dogara ga duk wanda ya ce ya iya hannunta, ko nagari ne ko mugu.

A watan Satumba 2021 gwamnati ta rufe layukan waya a faɗin Zamfara har makonni, ta kuma dakatar da kasuwannin mako, domin a takura wa 'yan bindiga. Kuramen da suka iya rubutu da saƙon waya suke neman taimako, ranar kasuwa kuma ita ce ranar da suke haɗuwa da 'yan'uwansu kurame su ji labari. A makonnin nan duka biyu sun yanke musu.

WAƊANDA BA A ƘIRGA BA

Duniya ta ji labarin 'yan mata 279 da aka sace daga makarantar Jangebe a ƙasar Talata Mafara ran 26 ga Fabrairu 2021, aka sako su ran 2 ga Maris. An ji na Kwalejin Aikin Gona ta Bakura a watan Agusta na shekarar, da na ɗalibai 73 na makarantar Kaya a ƙasar Maradun ran 1 ga Satumba. An san yawansu domin sunayensu suna cikin rajista, iyayensu kuma suna da bakin yin kuka. Matar da aka tare a hanyar itace ba ta cikin rajistar kowa. A shekarar 2021 ƙungiyar likitocin nan ta MSF, wadda ta daɗe tana aiki a Zamfara, ta ba da labarin cewa matan da aka yi wa fyaɗe suna ƙaruwa, da yawa kuma sukan iso asibiti a makare saboda tsoron hanya da tsoron bakin mutane. In haka ya zama ga masu baki, ina ga wadda ba ta iya faɗa?

Ba a nan kaɗai ake wannan damuwa ba. A ƙasar Ruwanda, masu bincike daga wata jami'a ta birnin Manchester a Ingila sun yi aiki tare da UNHCR a kan 'yan gudun hijira masu wahalar magana, suka buga abin da suka gano a 2018. Sun nuna cewa irin waɗannan mutane suna cikin hatsari na musamman, sau da yawa ba a gane su wajen rajista, kuma in sun je neman magani ko shari'a ba a shirya yadda za a saurare su ba.

Kada kuma mu ɗauka ɗan bindiga ne kaɗai abin tsoro. Bisa ga abin da muka gani, mai cutar yakan zama wanda aka sani: mai ba da masauki, mai gonar da take ƙodago, mai rabon kaya, ɗan'uwan miji, wani lokaci mijin kansa. Yana zaɓen ta ne domin ba ta jin takunsa, domin yana zaton ba za ta iya faɗa ba, in ma ta faɗa za a ce ba ta da hankali. Yara maza kurame su ma ba su tsira ba.

MAGANAR HANNU HARSHE CE

Hausawa sun daɗe da sanin maganar hannu. A manyan garuruwa, kamar yadda ake da sarkin makafi, ana da sarkin bebaye. Wata Bajamushiya, Constanze Schmaling, ta zauna da kuramen Kano ta rubuta littafi a kan maganar hannunsu a shekarar 2000, ta nuna cewa harshe ne cikakke mai ƙa'idojinsa. Akwai kuma irin da ake koyarwa a makarantun kurame, kamar ta Tudun Maliki a Kano da aka buɗe a 1977. Wannan tushenta daga Amurka yake. Andrew Foster, wani mai bishara baƙar fata Ba'amurke wanda shi kansa kurma ne, yana cikin waɗanda suka kawo ta, ya buɗe makaranta a Ibadan a 1960.

Mun kawo wannan ne domin ku san iri uku ne: alamun gida, da maganar hannu ta gari, da ta makaranta. Malamin da ya iya ta makaranta yana iya kasa jin matar ƙauye. Sau da yawa wata mace kurma ita ce ta fi saurin gane ta. Domin haka ku nemi kuramen garinku, ku sa su cikin aikin nan tun daga farko.

Ga yadda za a yi zance da ita. Ku tsaya inda haske yake kan fuskarku. Kada ku fado mata ta baya, ku zo ta inda za ta gan ku. Ihu ba ya ƙara kome sai kunyatarwa. Ku yi tambaya ɗaya, ku jira amsa. Ku yi amfani da zane a ƙasa, da hoto, da abin da ake iya nunawa. Gyaɗa kai ba shi ne fahimta ba, gama da yawa sun saba gyaɗa kai don a rabu da su, saboda haka ku sake tambayar ta wata hanya ku ga ko amsar ta zo ɗaya. Mai i'ina kuwa kada a ƙarasa mata magana, a bar ta ta kai ƙarshe da kanta.

ABIN DA KOWACE ƘUNGIYA ZA TA IYA YI

1. Ku san su. In baƙi sun sauka, mata biyu su bi ɗaki-ɗaki su tambaya ko akwai wanda ba ya ji ko ba ya magana sosai. A rubuta kowace da sunanta, a tambayi sunan da take amsawa da hannu. A kuma tambaya wa yake jin ta, da wanda take kwana tare da shi. Littafin ya zauna a hannun mace ɗaya amintacciya.

2. Kada tafinta ya zama ɗaya. Wannan shi ne babban darasinmu. A sami mata biyu ko uku su riƙa zama da ita sau biyu a mako, wajen daka ko tsinkar ganye, har su koyi alamunta. Cikin wata biyu za ku yi mamakin abin da za su iya ji. Su fara da alamun ciwo, tsoro, yunwa, a'a, zo, gudu, namiji, dare.

3. Rabo a hannunta. Hatsi, sabulu, tabarma ko kuɗi, a ba ta da kanta, da rana, a gaban mata. A nuna mata da hannu sarai cewa kyauta ne, ba wanda yake bin ta bashin kome. Duk ɗan ƙungiyar da ya nemi mace saboda rabo, a cire shi daga ƙungiya, a kai maganarsa gaba.

4. Ladan ƙodago ma haka. Lokacin yankan shinkafa da sussuka da tsinkar tumatir, a nuna mata kuɗin yini da yatsu tun da safe, a biya ta a bakin gona tare da sauran mata. Kada a ce ta biyo maigona gida da yamma ta karɓa. Kada a ware ta ita kaɗai a ƙarshen gona ko cikin masara mai tsawo.

5. Itace da ruwa a tafi ƙungiya. Ita ba ta jin ƙarar babur ko harbi ko kiran a gudu. A sa mata abokiyar tafiya takamaimai wadda za ta kama hannunta in an ga alamar hatsari. A ƙirga mutane wajen fita, a ƙirga wajen dawowa. In ƙungiya tana da amalanken shanu, kawo karan dawa da itace sau ɗaya a mako zai rage yawan shiga daji.

6. Usur da tocila. Kurma tana iya busa usur ko da ita ba ta ji, maƙwabta kuwa za su ji. A saya daga asusun ƙungiya, a rataya mata a wuya, a sanar da unguwa ma'anarsa, a kuma hana yara wasa da shi. A shirya wanda zai tashe ta daga barci in an kawo hari da dare.

7. Makewayi da wurin kwana. A raba na mata da na maza, a yi ƙofa mai sakata ta ciki, kada ya yi nisa da ɗakuna. Aikin gayya na yini ɗaya ya isa a gyara wannan a makarantar da baƙi suke kwana.

8. A koya wa 'yan mata sanin jikinsu. Abin da sauran yara suke tsinta a hirar ƙawaye da gargaɗin uwa, yarinya kurma ba ta ji shi ba. Waɗansu har su ga haila ba wanda ya taɓa yi musu bayani. Ungozoma ko wata dattijuwa ta zauna da ita da 'yar tsana, ta nuna mata wuraren da ba wanda ya isa ya taɓa, da yadda za ta ƙi, da wadda za ta gaya wa.

9. Kada a kulle ta da sunan tsaro. Waɗansu iyaye sukan bar yarinya a ɗaki su tafi gona ko bara. Kowa a unguwa ya san tana nan ita kaɗai, ya kuma san lokacin da za a dawo. Zamanta cikin mata a wurin aiki ya fi mata aminci.

ALAMUN DA ZA A LURA DA SU

In yarinya mai fara'a ta koma ɓuya, ko tana firgita in wani mutum ya shigo, ko ta ƙi zuwa wani gida da ta saba zuwa, ku kula. Haka nan in ta fara fitsarin kwance, ko tafiyarta ta sāke, ko aka ga tufafinta a yage, ko kuɗi da kayan kwalam da ba a san inda ta samo ba. In tana nuna mutum ɗaya da yatsa kullum, kada ku tambayi mutumin ma'anar abin da take faɗa.

IN ABIN YA RIGA YA FARU

Na fari, ku gaskata ta. Ku kai ta wurin da ba idon jama'a, ku bar ta ta nuna macen da take so ta zauna da ita. Kada mutumin gidan da take zaune ya zama tafinta. Kada a sa ta maimaita labarin a gaban mutum goma. Kada ku nuna mata wani ku ce wannan ne? Ku bar ta ta nuna da kanta.

Na biyu, asibiti da gaggawa, ko da ba a ga rauni ba. Akwai maganin da ke hana kamuwa da ƙanjamau, amma sai an fara shansa cikin sa'a 72, watau kwana uku, a ci gaba har kwana 28. Da wuri ya fi. Akwai maganin hana ɗaukar ciki da ke aiki cikin kwana biyar, ma'aikaciyar asibiti za ta yi bayani, mai jikin ce za ta zaɓa. Akwai kuma maganin ciwon sanyi, da allurar rigakafin ciwon hanta da ta ciwon sarƙe haƙora. In kwanakin sun wuce, duk da haka a je, gama akwai sauran taimako. Macen da ke jin hannunta ta raka ta, ta kuma tabbata ta gane yadda za ta sha maganin. Zana rana da wata a jikin takardar magani yana taimako. Kowace ƙungiya ta ware kuɗin mota a asusunta tun yanzu, ta kuma san ɗakin shan magani ko babban asibitin da ya fi kusa.

Na uku, a adana shaida. Tufafin da take sanye da su kada a wanke, a naɗe su cikin takarda ko tsumma mai tsabta, ba cikin leda ba. A roƙi asibiti ya rubuta abin da ya gani.

Na huɗu, a riƙe asiri. A nan mu mutanen ikilisiya muke yawan tuntuɓe. Da kyakkyawar niyya wani zai tashi a taron addu'a ya ce a yi wa wance addu'a saboda abin da ya same ta, kafin yamma gari duka ya ji. Addu'a ba ta bukatar suna. Wanda bai da aikin yi a cikin maganar, kada a gaya masa.

Na biyar, ba sulhun kuɗi, ba kuma aurar da ita ga wanda ya cuce ta. Mun ga inda aka karɓi buhu biyu aka rufe magana, mutumin kuwa ya koma kan wata. In babbar mace ce, a yi mata bayanin hanyar kai ƙara yadda za ta gane, a bar ta ta yanke shawara, a tsaya mata. In yarinya ce, tilas a raba ta da wurin hatsarin nan da nan, a sanar da hukuma. Mu ba 'yan sanda ba ne, ba alƙalai ba ne. Kada samarinmu su ɗauki doka a hannunsu.

ABIN DA DOKA TA CE

Waɗansu za su ce muku bebiya ba ta iya ba da shaida. Ba haka ba ne. Dokar Ba da Shaida ta tarayya ta 2011, a sashe na 176, ta yarda wanda ba ya iya magana ya ba da shaida da rubutu ko da alamu a gaban kotu, a kuma ɗauke ta daidai da ta baki. A mazhabar Malikiyya da maƙwabtanmu Musulmi suke bi ma, ana karɓar shaidar bebe muddin an fahimci ishararsa. Dokar hana nuna bambanci ga naƙasassu, wadda aka sa wa hannu a watan Janairu 2019, ta ɗora wa asibitin gwamnati nauyin tanadar hanyar fahimtar mai wahalar magana. Nijeriya kuma ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu a 2010, wadda ta ambaci tsare su a lokacin tashin hankali. Dokokin nan ba sa tafiya da ƙafarsu. Sai wani ya raka matar ya tsaya a bakin ƙofa ya yi haƙurin jira.

TARE DA MAƘWABTANMU

Mu kaɗan ne a wannan yanki, baƙin nan kuwa kusan dukansu Musulmi ne. Ba za mu iya aikin nan mu kaɗai ba, bai ma kamata ba. Ku je wurin mai unguwa da dagaci da liman, ku gaya musu abin da kuke shirin yi. Ku haɗa kai da ungozomomi da matan Islamiyya, gama su ne suke shiga kowane gida. Taimakonmu ba shi da sharaɗi, kada wani ya mai da buhun gero ƙugiyar jawo mutum majami'a. Mu da muke karanta Markus sura 7 mun san yadda Yesu ya yi da kurman da aka kawo masa: ya janye shi daga taro, ya yi masa magana ta hanyar da zai gane. Wannan ya ishe mu misali.

Matar nan da muka ba ku labarinta tana nan. Mutumin ya gudu tun kafin magana ta kai ga hukuma, har yau wannan yana damunmu. Mata suka riƙa raka ta awon ciki, ta sauka lafiya. Yanzu mata uku a ƙauyen suna jin hannunta, tana cikin adashinsu, ita ce kuma ake kira in sabuwar kurma ta zo cikin baƙi. Littafin rabonmu mun sāke shi, kowace mace da layinta da wurin dangwala yatsanta.

DON TATTAUNAWA A TARONKU NA WATA

Kurame da masu wahalar magana nawa ne cikin baƙin da ke ƙauyenku, wa yake jin kowannensu? Wa yake karɓar rabonsu da ladan aikinsu? Waɗanne mata biyu ne za su fara koyon alamu a wannan mako? In abu ya faru daren yau, wa za a tasa, da wace mota za a tafi, nawa ne kuɗin zuwa asibiti?

Ku rubuto mana abin da kuka shirya, da wahalar da kuka gamu da ita, ba tare da ambaton sunan kowa ba, domin sauran ƙungiyoyi su ƙaru. Allah ya kawo mana zaman lafiya, ya mai da kowa gonarsa.